Waken da ke Tsakanin Gero

Zuwa ga ɗana Naziru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Wannan gaisuwa ce daga kawunka Abdulrashid, na daɗe ina ɗauke da ita ban samu natsuwar zama in rubuta ba sai yau. Ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Ummu Salma da 'yar jikata Nana Aisha. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya kiyaye ku a gida da kan hanya, Ya sa albarka a abin da ya kai ka Legas. Mu nan gida alhamdulillahi. Damina ta zauna sosai, gero ya kusa kai gwiwa a gonakin da suka sha taki, dawa ma tana biye da shi. Matata Ummukulthum ta warke daga zazzaɓin da ya kwantar da ita, har ta koma yi mini faɗa a kan shan shayi, ka ga kuwa lafiya ta samu. Ƙanwarka Asiya ta zo wankan gida, jaririn sai ƙiba yake yi. Ni ne dai gwiwar nan ta hagu ta ƙi ni, idona kuma ya fara gajiya da ƙananan rubutu. Mahaifiyarka, Yaya Kulu, lafiyar jikinta lau, sauran labarinta yana ƙasa.

Na zaɓi in rubuto da hannu in ba Alhaji Gana direba, wanda yake kai maka wake duk kaka, saboda a waya ba na iyawa da kai. Kana magana da sauri, kana ce mini Kawu cikin ladabi, kafin in farga na riga na ce to. Maganar kuwa a kan takardar makin nan ce da ka roƙe ni in riƙe har sai an yi zaman da za a tabbatar da kai a aiki. Na san abin da zaman nan yake nufi a wurinka. Shekara biyu kana aikin gwaji, ga iyali, ga Legas da ba ta ragawa kowa. Don haka ka daure ka karanta har ƙarshe kafin ka yanke mini hukunci.

Ka fi ni sanin aikin, tunda kai ka sa sunana aka ɗauke ni. Amma bari in faɗe shi yadda na fahimce shi da tsohon kaina, don in akwai inda na kauce ka gani. Kamfaninku ya yi mataimakin waya da manomi zai kira ya yi masa tambaya da baki, shi kuma ya amsa da Hausa. Mutanen garinmu har sun raɗa masa suna Malam Waya, suna yi mini tsiya wai na yi ritaya an maye gurbina da abin da ba ya cin tuwo. Shi Malam Wayan nan, kamar yadda ka nuna mini, bai san noma ba ko kaɗan. Kayan aiki aka jera masa a gaba, akwai na duba ruwan sama, akwai na farashin kasuwa, akwai na maganin ciyawa. Kowanne an rubuta masa ɗan bayani da ke cewa ga amfaninsa, ga lokacin da za a ɗauke shi, ga abin da za a tambayi manomi kafin nan. Bayanin nan shi kaɗai yake karantawa, shi kaɗai yake bi, kamar baƙon ɗan ƙwadago da aka kai gonar da bai taɓa takawa ba aka gaya masa abin da zai yi aka tafi aka bar shi. Aikina shi ne in riƙa yi masa tambaya irin ta manoma, in duba a kwamfuta wane kaya ya ɗauka da abin da ya tambaya, sannan in ba bayanin maki daga ɗaya zuwa biyar. Ba na'urar nake yi wa jarrabawa ba, rubutun da aka yi mata nake yi wa. Bayanin maganin ciyawa kuwa kai ka rubuta shi.

Ban taɓa gaya maka yadda aikin yake gajiyar da ni ba, don kada ka ce ba na godiya. A gida babu sabis ɗin intanet, sai in ɗauki kwamfuta da tabarma in tafi gindin ɗorawar bayan firamare, inda yake ɗan kamawa. Nan nake yini, tambaya ɗaya sai in maimaita ta sau ashirin ta fuska daban-daban. In yi ta da muryar mai gaggawa, in yi ta irin ta tsohon da zai fara da labarin kakansa kafin ya zo kan magana, in yi ta irin ta wanda bai san sunan ciyawar ba sai dai ya kwatanta ganyenta. Masu wucewa gona suna ganina ina magana ni kaɗai, wasu su yi sallama, wasu su girgiza kai. Shekara talatin da ɗaya na yi ina malamin gona, na taka ƙasar nan daga Makoda har iyakar Shanono a kan babur, ban taɓa jin gajiya irin ta zama wuri ɗaya ina sauraron murya mai ladabin da ba ta gajiya ba. Bayanin ruwan sama na ba shi huɗu, na kasuwa na ba shi huɗu, ban sha wata wahala a kansu ba.

Da na zo kan naka, sai da na ji daɗi a raina. Rubutu ne tsaf, gajere, babu kame-kame. Ya ce kayan nan yana ba da sunan magani da yawan da za a zuba a tankin feshi, idan an gaya masa abu uku: abin da aka shuka, makonnin da shukar ta yi, da irin ciyawar. Na ga a fom ɗin cewa abokan aikinka biyu na ofis sun riga sun ba shi biyar-biyar, kuma ban ga laifinsu ba, don a takarda ba shi da makusa. Malam Waya ma ya bi shi sau da ƙafa. Duk wanda ya kawo kukan ciyawa, sai ya ɗauki kayan da ya dace, ya yi tambayoyi ukun nan, ya faɗi magani. Sai a tambaya ta bakwai ko ta takwas na fara hango matsala. Na ce masa gonar gero ce, sati biyar, gogamasu ya dame ni. Ya ba ni maganin da ke kashe ciyawa mai faɗin ganye ya bar gero. Daidai ne, in gero ne kaɗai a gonar. To Naziru, a ina ka taɓa ganin gonar gero a ƙasarmu da gero kaɗai a ciki? Mu da gonakinmu suka matse, kowane taku akwai abin da aka cusa masa. Tsakanin layin gero akwai wake, can gefe gyaɗa, bakin iyaka yakuwa da kuɓewa. Kuma duk wanda ka tambaya me ya shuka, gero zai ce maka, don da hatsi ake kiran gona, ba wanda yake lissafa na tsakani sai an tambaye shi. Sau ashirin na gwada, ko sau ɗaya bai tambaye ni ko akwai wani abu a gonar ba. Wake kuwa mai faɗin ganye ne, maganin ba ya bambanta shi da gogamasu.

Akwai wurin da kuka bar mana na gwada gyara, sai na ƙara magana biyu a ƙarƙashin rubutunka. Na ce kafin a ɗauki kayan nan a tambayi manomi ya faɗi duk abin da ke cikin gonar, ba babban amfanin kaɗai ba. Na ce in akwai wake ko gyaɗa ko wani mai faɗin ganye, kada a faɗi sunan magani, a ce masa ya sa fartanya ko ya nemi malamin gona. Na sake tambayoyin nan ashirin, a sha tara ya tsaya ya tambaya. Ka ga ashe ba taurin kai ne da shi ba, abin da ba a gaya masa ba ne bai sani ba. A ranar na kira ka, ina murna na samo ciwo na samo magani.

Ka tuna yadda muka yi. Ka ce gaskiya ne, abin ya shige maka, kai da ka yi wasa a cikin waken nan kana yaro. Sai ka ce matsalar ita ce gyara da maki a fom ɗaya suke tafiya, kuma teburin shugabarku suke sauka. In ta ga biyu a kan aikinka ana saura kwana kaɗan a zauna, ba ka san yadda za ta kaya ba. Ka roƙe ni in riƙe fom ɗin, bayan zaman kai da kanka za ka gyara ba tare da kowa ya ji ba. Ka ce ai har yanzu gwaji ne, mutum arba'in ne kawai a garinmu suke da lambar. Ni kuma na ce to. Ba ka tilasta ni ba, ina so ka riƙe wannan. Ni ne babba, ni ne na san lokacin feshi ya kama, ni ya kamata in ce a'a. Amma na tuna ranar da na kai ka tasha da jaka ɗaya, na ji ba zan iya zama sanadin dawowarka da ita ba.

Don in kwantar da hankalina sai na yi dabara irin tamu. Ranar Juma'a bayan an sallame na nemi izinin liman na miƙe, na ce duk mai lambar Malam Waya ya yi ta tambayarsa ruwa da farashi, amma kada kowa ya bi maganarsa a kan feshi sai na sanar. Na maimaita a majalisar ƙofar gidan mai gari, na maimaita wurin mai shayi. Aka yi ta dariya, ana cewa kishi nake yi da wanda ya gaje ni. Na koma gida ina ganin na toshe ko'ina. Shekara talatin haka nake isar da saƙo, a masallaci da majalisa, kuma ko sau ɗaya ban taɓa zama na tambayi kaina wa ke jin saƙon wa ba ya ji ba. Mata ba sa zuwa majalisa, Naziru. Ban kuma san cewa Asiya ta sa wa mahaifiyarku lambar a wayarta ba.

Daga baya Asiya take gaya mini, tun da ta sa mata lambar ta ce mata aikinka ne, kusan kullum sai ta kira. Ba ta da akuyar sayarwa amma sai ta tambayi farashin akuya a Ɗambatta. Hadari na gabanta tana kallo amma sai ta tambaya ko za a yi ruwa. In ta gama ta ajiye wayar, sai ta ci gaba da abin da take yi. Ka san halinta da kai. Kai ne ɗan fari, tun da aka haife ka ba ta taɓa kiran sunanka ba, ba ta taɓa yabonka a gaban mutane ba, in ta matsu sai ta ce na Legas. Ni da na tashi a hannunta na san alkunya ce kawai, amma na sha ganin yadda abin yake ci maka rai kana ƙarami.

Ka kuma san gayaunarta, 'yar gonar nan ta bayan rafi, da waken da ke cikinta. Farin waken nan mai jan ido, mai yaɗo, wanda ta gada wurin Innarmu, ita ma ta taho da shi daga garinsu ranar da aka kawo ta. Duk shekara Yaya takan ware iri ta cuɗa da toka ta toshe a tulu, ta ci kaɗan, ta ɗaure maka naka a buhu, harawar ta ba tumakinta. Na sha kawo mata sabon iri mai saurin nuna lokacin ina aiki, takan karɓa ta yi godiya ta dafa shi. Bara waken bai yi kyau ba, abin da ta samu kaɗan ne, kuma ba ta yarda ta rage naka ba. Saboda haka bana duk abin da ke cikin tulun ta juye ta shuka, ba ta bar ko ƙwaya ba. Ya fito kuwa gwanin sha'awa, ya yi ganye huɗu-huɗu a tsakanin geron. Sai dai ciyawa ta taso masa, bayanta kuma ba ya barinta ta sunkuya kamar da, 'yan ƙwadago kuwa a tsakiyar damina kowa na gonarsa.

Ranar kasuwar Ɗambatta, kwana shida da maganarmu, ina can ina neman gilashin karatu, ta kira Malam Waya. Daga nan ta aika aka sayo maganin, ta sa aka kira Muntaka mai feshi daga ƙauyen gaba, wanda ba a masallacinmu yake Juma'a ba. Ban san komai ba sai bayan kwana uku, da hantsi, Asiya ta leƙo ta ce Inna, wato Yaya, tana kirana a gona. Tun daga nesa na gane. Geron yana tsaye kore shar, ciyawa ta kwanta, aikin magani ya yi kyau yadda aka ce zai yi. Waken kuwa duk ya murɗe, ganyen ya ƙudundune ya koma rawaya, karan ya lanƙwashe ya kwanta a ƙasa. Yaya tana tsaye a tsakiya da sandarta, tana bin layi ɗaya bayan ɗaya tana ɗaga su da bakin sandar, ko za ta ga mai rai. Ta tambaye ni ko in aka yi ruwa mai yawa zai wanke ya farfaɗo. Na daɗe ina gaya wa manoma labari marar daɗi a gonakinsu, amma ranar sai da na juya baya kafin in iya ce mata ba zai tashi ba.

Na je na sami Muntaka raina a ɓace, na ce shi da yake wannan sana'a shekara da shekaru, ya rasa idon ganin wake? Mutumin ya rantse mini ya gani. Ya ce tun kafin ya haɗa maganin ya gaya mata akwai wake a ciki, kuma a saninsa wannan magani ba ya barin wake. Ya ce har sau biyu ya faɗa, ya sauke tankin daga bayansa. Sai ta ce masa ai wanda ya yi abin nan ya san gonar, ya san abin da ke cikinta, in da zai cuci waken da ya faɗa. Muntaka ya ce ya tambaye ta wane ne haka, sai ta dube shi ta ce: "Ɗana ne ya rubuta shi. Naziru." Ya ce shi bai san komai a kai ba, amma Asiya da ke riƙe da bokitin ruwa sai da ta ajiye shi, don tunda take ba ta taɓa jin sunan nan a bakin Inna ba. Daga nan ya ɗauki tankinsa ya yi abin da aka sa shi.

Da na dawo na tafi gindin ɗorawa na buɗe kwamfuta, tunda duk kiran da aka yi yana nan a rubuce. Na samu nata. Ta yi masa sallama, ta tambaye shi gajiya, ta ce ciyawa ce ta dame ta. Ya tambaye ta me ta shuka, ta ce gero. Ya tambayi sati nawa, ta faɗa. Ya tambayi irin ciyawar, ta kwatanta. Ya faɗi magani da awo, ta yi masa godiya ta sa masa albarka. Tambaya uku, kamar yadda aka rubuta, bai ƙara ba bai rage ba. Na nemi inda zan ɗora wa na'urar laifi na rasa. A gefe guda kuma ga gyaran nan nawa mai magana biyu yana zaune a wurin gwaji, kwana tara ke nan, ba inda ya je. Na daɗe a wurin ban taɓa komai ba, har cajin ya ƙare.

Da yamma na shiga wurin Yaya da niyyar in gaya mata gaskiya duka, cewa na san da matsalar kuma na ɓoye. Ba ta bar ni na kai ƙarshe ba. Ta ce ita ce da laifi, tunda an tambaye ta abin da ta shuka ta ce gero, da ta faɗi wake da ba haka ba. Na ce mata ba wanda yake faɗa, aikinmu ne mu sa a tambaya. Ta yi kamar ba ta ji ba, tana ta tsince tsakuwa a cikin dawa. Can sai ta ɗago ta ce: "Abdu, kada ka gaya wa na Legas. In kaka ta yi, a ce masa tsutsa ce ta ci." Na tashi na fita, ita kuma ta ɗauka na yarda.

To ka ga yanzu na saɓa wa mutum biyu da nake ƙauna a rana ɗaya. Ita na gaya maka abin da ta ce in ɓoye. Kai kuma, yau da safe bayan na karya, na je gindin ɗorawa na tura fom ɗin. Na ba bayanin biyu cikin biyar. Na rubuta cewa yana kai mataimakin ga kayan da ya dace, kuma a fili yake, amma bai gaya masa inda zai tsaya ba, kuma a ƙasar da ake haɗa shuka wannan giɓi yana iya cinye gona. Na sa gyaran, na sa sakamakon gwaji na kafin gyara da na bayansa, na roƙi a rufe kayan maganin ciyawa yau ɗin nan har sai an gyara. Na rubuta abin da ya faru a gonar wata dattijuwa, ban faɗi ko wace ce ba. A ƙarshe na rubuta cewa na gano matsalar tun kwana goma sha biyu da suka wuce kuma na riƙe ta, laifin jinkirin nawa ne. Ban ambaci wayar da muka yi ba, wannan tsakaninka da Allah ne da shugabarku, in ka ga ya dace ka faɗa da bakinka. Wataƙila su sallame ni, kuma in sun yi ba su zalunce ni ba. Gaskiya ma na gaji, gwiwata za ta fi kowa murna.

Ban sani ba ko wannan zai hana a tabbatar da kai. Na yi ta juya abin har kaina ya yi ciwo, kuma in ya hana, zan ɗauki nauyinsa har in mutu. Amma an gaya mana cewa bayan zaman nan naku za a buɗe lambar ga ƙauyuka masu yawa, daga nan har Shanono, kuma a kowane ƙauye akwai tsohuwa mai tulu irin na Yaya, wadda ba ta zuwa majalisa. Ba zan iya bin su gida-gida ba. Magana biyun nan a cikin rubutunka su ne za su iya. In kana jin shawarar kawunka, kada ka jira a kira ka. Ka shiga wurin shugabarku da gyaran a hannunka, ka ce rubutunka ne kuma ga inda ya gaza. Sannan duk wani bayani da za ka sake rubutawa, bayan ka gama faɗin abin da kayan yake yi, ka zauna ka tuno gonar bayan rafi, ka rubuta inda bai kamata a taɓa shi ba. In ka yi fushi da ni, ka yi, ina nan, zan jira ka huce.

Abu ɗaya nake roƙonka. In kaka ta yi Asiya ta kira ka ta ce Inna ta ce tsutsa ta ci wake bana, ka karɓa haka, ka ce Allah Ya mayar da alheri. Kada ka nuna mata ka sani. Abin da ya rage mata ke nan da za ta yi maka, ka bar mata shi.

Ummukulthum tana gaishe ku, ta ce a shafa mata kan Nana Aisha, a gaya wa Ummu Salma kukar da ta yi alkawari tana cikin ƙullin da ke hannun Alhaji Gana. Asiya da mijinta suna gaisuwa, haka ƙanwarka Aina'u da yaranta. Liman ya tambaye ka, mai gari ma haka. Ka gaishe mini da surukanka in kun yi waya, da duk wanda yake kyautata maka a can.

Mahaifiyarka ba ta ce in gaishe ka ba, ka san ba ta taɓa cewa. Amma jiya ta kai ni can ƙarshen gonar, wajen bakin rafi, inda maganin ya ƙare wa Muntaka a tanki bai kai ba. Tushe goma sha bakwai ne suka tsira. Ta kewaye su da ƙaya saboda awaki, kullum da safe sai ta je ta ƙirga su. Muna tsaye sai ta ciro wayarta daga bakin zani, ta ce tana so ta tambayi abin nan naka yadda za ta kula da su kada su mutu. Na ce mata ta dakata tukuna, kana kan gyara shi. Ta mayar da wayar ta ɗaure, ta ce to, za ta jira ka gama.

Allah Ya yi maka albarka, Ya sa mu gana da alheri.

Kawunka,
Abdulrashid